Kuɗi, Hatsi ko Adaidaita Sahu: Wanne Zan Karɓa Don Ciyar da Yarana?

Tambaya

Assalamu alaikum. Shekarata 31, ina zaune a Kano. Wata bakwai ke nan da mijina ya yi mini saki ɗaya, har idda ta cika bai mayar da ni ba. Yaranmu uku: namiji ɗan shekara 9, mace 'yar shekara 6, da na goye mai wata 14, duk suna hannuna a gidan mahaifina. Tun da na dawo sau uku ya turo kuɗi, kowanne sai da na kira na sake kira. Sana'ar hatsi yake yi a Dawanau, yana da wata matar da yara huɗu. Yanzu manya sun shiga maganar, ya kawo zaɓi uku: ko ya riƙa turo ₦40,000 duk wata a kan komai da komai, ko ya riƙa aiko kayan abinci duk bayan wata uku babu kuɗi, ko ya sayi Adaidaita Sahu na hannu a ba direba, balas ɗin ya zama na yaran, shi kuma ya zare hannunsa. Mahaifiyarsa ta ce a kai mata manyan biyun kowa ya huta. Yayana ya ce kotu kawai, mahaifina ya ce kai uban 'ya'ya kotu abin kunya ne. Wanne zan zaɓa?

Uwar yara uku, Kano

Amsa

Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Allah ya sanyaya miki, ya raya yaran nan bisa tafarki.

Kada ki karɓi ko ɗaya daga cikin ukun yadda aka kawo miki shi. Abin da ya fi dacewa da ke shi ne a haɗa na farko da na biyu: hatsi ya zo da awo, cefane ya zo da kuɗi, makaranta ya biya kai tsaye, a rubuta duka a takarda, a kai gaban alƙali ya mayar da ita hukunci. Wannan na ƙarshen ya fi sauran muhimmanci, domin a mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke aiki da ita, akwai ƙa'idar da mata da yawa ba sa sani sai sun yi asara. Mukhtasar na Shehu Khalil, babban littafin fiƙihu a mazhabar, ya kawo cewa ciyar da 'ya'ya tana faɗuwa daga wuyan uba idan lokacinta ya wuce, ko da mawadaci ne, sai dai in alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuwa wanda ya ciyar da yaran ya yi ne ba da niyyar kyauta ba. Dalilin malamai shi ne, an wajabta ta ne don kore yunwar ranar, in ranar ta wuce yaro ya ci, buƙata ta biya. Saboda haka alƙawarin da aka yi a zaure, aka shafa fatiha aka watse, in ya tsallake wata biyar, sai kin yi wahalar tabbatar da niyyarki kafin ki ga sisi. Wanda alƙali ya sa wa hannu kuwa, duk watan da ya tsallake bashi ne a kansa.

Ki fara da sanin abin da yake haƙƙi, don kada a zauna ana yi miki gorin alfarma. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufafi a kan wanda aka haifa wa ɗa, aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mawadaci ya ciyar gwargwadon wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zauren ilimi a garin nan, ta fayyace iyaka: namiji har ya balaga, in ba shi da wata nakasa da za ta hana shi nema, mace kuwa har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Ba a ɗora wa uwa ko kwabo ba, ko da tana da albashi. Ke ce kuma mai karɓar abin, tunda a hannunki suke, kuma ba shi da damar ya ce ki riƙa turo su gidansa su ci su koma. Malaman da suka yi sharhin Mukhtasar sun hana wannan ƙarara saboda wahalar da yaro zai sha. Sun kuma ce alƙali ne ke duba halin uban ya tsara ko kullum, ko mako-mako, ko wata-wata, ko da kaya ko da kuɗi. Ashe haɗa hatsi da kuɗi ba baƙon abu ba ne a shari'a.

Akwai kuma abin da ba ki ambata ba. Tunda iddarki ta cika kuma kina shayarwa, kina da ladan shayarwa a kansa in kin nema, aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ce ta ba ki, har yaron ya cika shekara 2. Saura wata 10. Ciyarwarki ta lokacin idda ma, in bai yi ba alhali yana da hali, tana nan a wuyansa, don ta mata ba ta faɗuwa da wucewar lokaci irin ta 'ya'ya. Ladan reno shi kansa dai babu shi a mazhabar, kada ki ɓata bakinki a kansa.

To, mu duba ₦40,000. Raba ta gida 30, ki sake rabawa gida 3: kowane yaro ya tashi da ₦444 a rana. A ciki za a ci sau uku, a sayi sabulu da omo, a ba da kuɗin tara da na mota, a biya makarantar boko da Islamiyya, a yi ɗinkin sallah, a je kemis. Ke ma kin san ba za ta kai ba. Amma ko da ya ce ₦80,000 ne, illar tana nan, domin tsayayyen adadi narkewa yake yi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Ma'ana, wadda aka yanka wa ₦40,000 a tsakiyar 2023, bayan shekara ɗaya abincin da take iya saye bai kai na ₦29,000 na da ba, kuma uban zai rantse da gaskiyarsa cewa bai taɓa fashi ba. Kalmar "komai da komai" ita ce tarko na biyu. Ranar da aka kwantar da yaro a asibiti, amsar da za ki ji ita ce, "Ai na turo na wata."

Zaɓi na biyu ya fi kyau fiye da yadda kike zato, musamman ga mutumin Dawanau. Shi hatsi a farashin sari yake samunsa, kuɗi kuwa a hannun ɗan kasuwa jari ne, cire shi duk ƙarshen wata yana yi masa ciwo, shi ya sa sai an kira an sake kira. Abin da ya fi sauƙin fita daga hannun mutum shi ya fi ɗorewa. Kuma kwano ba ya sauyawa ko farashi ya hau ko ya sauka. Inda ake samun matsala uku ne. Na ɗaya, ba a faɗi awo ba, sai "kayan abinci" ya koma rabin buhun tsohuwar masara. Na biyu, ba a faɗi iri ba, sai a aiko abin da ya ƙi fita a shago. Na uku, hatsi ba ya dafa kansa: niƙa, mai, gishiri, kayan miya, gawayi ko gas duk kuɗi ne, in babu su sai ki ga uwa tana ɗibar kwano biyu tana sayarwa a unguwa da araha, labari ya koma wa uba cewa ana sayar da abincin 'ya'yansa, rigima ta dawo sabuwa.

Ga yadda za ki fitar da awon, kuma kada ki yi shi da ka. Ki samu littafi mai shafi 40, ki yi mako biyu kina rubuta duk abin da yaran suka ci da abin da aka kashe musu, har ₦50 ta alewa. Tunda tukunya ɗaya ake yi a gidanku, ki lissafa kwano nawa ake dafawa, mutum nawa ke ci, ki ware rabon yaran, ki ɗauki manyan biyun a matsayin babba ɗaya da ɗan ɗori. Ki ninka biyu, kin samu na wata. A misali, zai iya fitowa shinkafa kwano 4, masara 4, wake 2, gero 1 na kunu. Kwano 11 ke nan a wata, 33 a wata uku, bai ma cika buhu ɗaya mai kwano 40 ba. In kika faɗa masa haka a gaban manya, da wuya ya iya cewa ya fi ƙarfinsa. A rubuta irin shinkafar, 'yar gida ko 'yar waje, gyararriya ko mai tsakuwa, a rubuta da wane kwano za a auna, don na Dawanau da na mai awon unguwa ba lallai su zo ɗaya ba. A auna a gaban wanda ya kawo, ya sa hannu a littafinki. Wake na wata uku kuwa, ki zuba shi a jarka busasshiya ki toshe bakin sosai, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki. In kin bar shi a buhun da ya zo, ƙwari za su riga yaran ci.

Sai kuɗin hannu, wanda zai ɗauki cefane, makamashi, sabulu, kuɗin tara, kuɗin mota, pampas da madarar ƙaramin. Littafinki ne zai faɗi adadin, ba ni ba, ba kuma yayanki ba. Abin da nake so ki dage a kai shi ne a sa rana, misali kafin 5 ga kowane wata, kuma ta banki zuwa asusu mai sunanki, ba ta hannun ɗan aike ko asusun mai POS ba. In za ki iya, ki buɗe asusu daban wanda babu abin da ke shiga sai na yaran, domin ranar da aka yi musu, takardar banki guda ɗaya ta isa. Yana iya sa bankinsa ya riƙa turawa da kansa duk wata, ku huta da kiran waya, wanda yawanci shi ne mafarin zagi. A kuma rubuta farashin kwanon shinkafa da na litar mai a ranar da aka yi yarjejeniya, da sharaɗin cewa duk wata shida za a zauna a duba, ko kafin nan in farashin ya motsa da kashi ɗaya cikin huɗu. Ki yarda sharaɗin ya ci ta ko'ina, in kaya sun sauka a rage masa. Wannan adalcin ne zai sa ya sa hannu.

Makaranta kada kuɗinta ya bi ta hannunki ko kaɗan. Ya biya kai tsaye kafin a koma kowane zango, ya turo miki hoton rasit. A ambaci sunan makarantar, da yunifom, littattafai, kuɗin jarrabawa da na Islamiyya, don "zan biya makaranta" kan koma kuɗin zango tsagwaronsa. Ki sani shi ne waliyyi, shari'a ta ba shi kula da tarbiyyarsu da tura su karatu, saboda haka ba za ki sauya musu makaranta mai tsada ki aika masa takarda ba. In ƙarfinsa na ta gwamnati ne, haka alƙali zai duba. Abin da za ki iya nema shi ne kada a bambanta su da yaran ɗakin matarsa: makarantar da waɗancan ke zuwa, ko irinta. Wannan ma'aunin yana da ƙarfi a gaban manya da gaban alƙali, domin shi da kansa ya nuna iya ƙarfinsa.

A nan akwai giɓin da ya kamata a toshe tun yanzu. Babban yaron shekararsa 9. Nan da shekara biyar ko shida zai balaga, yana tsakiyar sakandare, kuma a zahirin mazhaba wajibcin ciyar da shi ya ƙare. Ki nemi a rubuta cewa uban ya ɗaukar wa kansa ci da karatun namijin har ya gama sakandare, in da hali har gaba. Malaman Malikiyya suna da ƙa'idar cewa wanda ya wajabta wa kansa wani alheri, ya zama dole a kansa matuƙar bai mutu ko ya karye ba. Yau da yaron yake ƙarami, uba zai sa hannu da murmushi. In aka bari sai ya kai 15, maganar ta zama ciniki.

Lafiya a raba ta biyu. Ƙananan abubuwa, zazzaɓi da mura, a sa ɗan adadi cikin kuɗin wata. Manya, kwanciya asibiti ko tiyata ko gwaji mai tsada, nasa ne gaba ɗaya, ki sanar da shi ta saƙon waya a ranar, in ya kasa zuwa ki biya ki ajiye rasit, ya mayar miki cikin mako biyu. Ki tambaya a hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, nawa ne sa yara uku a shekara. In ya biya wannan sau ɗaya, rabin rigimar asibiti ta mutu. Tufafi sau biyu a shekara, ƙaramar sallah da babba, da rigar sanyi da bargo kafin hunturu. Wurin kwana yanzu mahaifinki ya ɗauke masa, amma a rubuta cewa ranar da kika kama haya, rabon yaran a kuɗin hayar yana kansa. Malamai sun yi saɓani kan ko har da rabonki zai biya, na yaran dai babu musu.

Adaidaita Sahu kuwa, shi ne zaɓin da ya fi ƙyalli, shi ne kuma ya fi haɗari. Ƙaraminki watansa 14, ciyar da shi za ta kai shekara goma sha uku ko fiye. Wane babur na hannu ne zai yi wannan tafiyar a titunan Kano? Balas ba ya zuwa ranar da inji ya buga, ko aka kama babur ɗin, ko direba ya kwanta ciwo, ko ya ce yau kasuwa ba ta yi ba. Taya, sabis, takardu, haɗari, sata, duk sun dawo kanki, ke da ke cikin gida da goyo. Akwai kuma ƙulli na shari'a da ba kowa ke lura da shi ba: Risala ta ce uba yana ciyar da ƙananan 'ya'yansa ne waɗanda ba su da dukiya. In aka rubuta babur ɗin kyauta ga yaran, gobe zai iya tsayawa ya ce suna da abin kansu, a ci daga ciki. In ya matsa sai babur, to ya saya da sunansa, ya nemi direbansa, ya ji da gyaransa, ya riƙa cire kuɗin wata daga balas ɗin yana turowa. Inda ya samo kuɗin ba ruwanki. Kada dai ki sa hannu a duk takardar da ta ce "ya gama" ko "babu sauran nema". Haƙƙin na yaran ne, ke mai riƙon amana ce.

Maganar surukarki ki amsa ta da ladabi, amma ki ce a'a. Wata mata ta kai wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙarar mijin da ya sake ta yana son ƙwace ɗanta, ya ce ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Abu Dawud ya ruwaito. A Malikiyya riƙo yana hannun uwa har namiji ya balaga, mace ta tare a gidan miji. Bayan uwa sai kakar wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, kafin layi ya zo kan kakar wajen uba. Al'adar "yaro in an yaye shi na ubansa ne" al'ada ce, ba hukunci ba. Abin tsoron shi ne, wadda ta sauke haƙƙin riƙo da kanta ba tare da uzuri irin na ciwo ba, ba ya dawo mata don ta sake tunani. In kika kai su "na ɗan lokaci" babu rubutu, bayan shekara za a ce ke kika bayar. Su je hutu, su kwana biyu wurin kakarsu, wannan zumunci ne kuma yana da kyau, amma da ranar tafiya da ranar dawowa.

Shekararki 31, aure zai zo in Allah ya so, don haka a yi maganarsa yanzu. In kika tare da wanda ba muharramin yaran ba, riƙo zai koma ga mahaifiyarki in tana raye kuma tana da ƙarfi, ciyarwa kuma ta bi yaran duk inda suke, ba ta tsayawa don kin yi aure. A rubuta sunan wadda za ta karɓa. In mai haƙƙin karɓa ya san kin yi aure ya yi shiru shekara guda, damarsa ta wuce. Haka nan ƙaura: in ɗayanku zai tashi ya koma wani gari mai nisan da malamai suka ƙiyasta da burudi 6 a ma'aunin tafiya na da, wato sama da kilomita 120, hukuncin riƙo yana iya sauyawa. A sa sharaɗin sanarwa wata uku kafin tashi.

Shi ma a rubuta masa nasa, kuma ki fara kawo shi da bakinki, zai sassauta zaman. Ranar da zai zo ganinsu ko a kai masa su, misali Asabar biyu a wata, rabin hutun zango, yini ɗaya a kowace sallah, da wanda zai ɗauka ya dawo da su. Kada ki taɓa hana shi ganin yara don bai turo ba. Zai ba shi abin faɗa a kotu, kuma uban da ya daina ganin 'ya'yansa shi ne ya fi saurin daina turowa.

Yanzu saɓanin Baba da yayanki. Kowannensu yana da rabin gaskiya, kuma ana iya haɗawa. A yi sulhun a gida yadda Baba yake so: ke da waliyyinki, shi da wani babba nasa, limami ko mai unguwa, da shaidu maza biyu adilai waɗanda ba sa cin moriyar kowa. A rubuta da Hausa, kowane shafi a sa hannu da kwanan wata, kowa ya riƙe kwafi. Ki nemi wani daga danginsa, wa ko ƙani ko abokin kasuwanci, ya tsaya masa a rubuce cewa in ya yi fashi shi zai biya. Wannan yana da amfani domin a mazhabar, kaka ko baffa ba a tilasta musu ciyar da jika ko ɗan ɗan'uwa, sai wanda ya ɗauka da bakinsa. Daga nan ku tafi kotun shari'ar Musulunci ta yankinku, a shigar da magana wurin rajistara, a biya kuɗin shigarwa a karɓi rasit, ranar zama ku shaida wa alƙali kun sasanta, ga takarda, kuna roƙon ya tabbatar da ita a matsayin hukunci. Ba a tsare kowa ba, ba a tona asirin kowa ba. Ki karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, ki ɗauki hotonsa a waya, ki ajiye asalin wurin Baba. In Baba ya ce duk da haka da kunya, a tuna masa Hindu 'yar Utba, wadda ta je gaban Manzon Allah ta ce mijinta Abu Sufyan ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta. Bai ce ta yi rashin kunya ba, cewa ya yi ta ɗauki abin da zai ishe su gwargwadon al'ada. Buhari da Muslim duk sun kawo shi.

Hisba tana yin irin wannan sulhu, kuma sau da yawa takardar gayyatarta kaɗai kan sa mutum ya zo ya zauna. Sai dai ita ba kotu ba ce, abin da aka rubuta a can ma a wuce da shi gaban alƙali. In ya ƙi zama sam, to maganar yayanki ta tabbata: ki shigar da ƙara, a kai masa sammaci. Ki tafi da takardun haihuwar yaran, takardar saki, littafin lissafinki, rasit na makaranta da na asibiti, da mutum biyu da suka san shagonsa da irin cinikinsa, don ɗan kasuwa ba shi da takardar albashi, kuma abu na farko da zai ce shi ne kasuwa ta mutu. Ki faɗi abin da kike nema dalla-dalla, kwano nawa, naira nawa, daga wane wata. Mai cewa "a dai duba mini" takan fito da abin da bai kai ba. Ba dole sai da lauya ba, amma in kina so babu kuɗi, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa suna da ofis a Kano. In hukunci bai yi miki ba, akwai ɗaukaka ƙara, kuma tana da wa'adi, ki tambayi rajistara a ranar. Masu karatu da aurensu na rajista ne, tasu hanyar daban ce: Babbar Kotun Jiha, ƙarƙashin dokar aure ta 1970.

In an yi hukunci ya yi fashi, kada ki tara wata shida kina haƙuri. Wata na farko, saƙo a rubuce, gajere, babu zagi. Bayan mako biyu, a sanar da wanda ya tsaya masa. Wata na biyu, ki koma kotun da ta yi hukuncin da kwafinki da takardar banki. Bashin wata biyu ana iya biyansa a zama ɗaya, na shekara kuwa sai a roƙe ki ki yafe rabi. Kotu tana da ikon tilasta mai hali, har da tsare shi, hadisi ma ya kira jinkirin mawadaci zalunci. Amma in da gaske ya karye, gobara ko asarar kaya, shari'a ta sauke masa na wannan lokacin, kuma ba ya zama bashi. A irin wannan hali gara ki yarda a rage a rubuce na wata uku ko shida, da ranar komawa, da a bar takardar ta mutu gaba ɗaya. Tunda cinikinsa ya fi ƙarfi da kaka, kina iya karɓar hatsin wata shida a lokacin in kina da wurin ajiya, damina ta same ki da abinci a ɗaka.

Saura watanni bakwai da suka wuce. In ke ko Baba kun ciyar ne da niyyar za a biya ku, kuma yana da hali a lokacin, kuna iya nema, galibi sai an haɗa da rantsuwa a kan niyyar. In Baba don Allah ya yi wa jikokinsa, to ya wuce, kada a rantse a kan abin da ba haka ba. Ki lissafa wanda kika kashe daga hannunki ko kika ranto, ki cire abin da ya turo sau uku, ki kawo ragowar wurin zaman tare da ciyarwar idda da ladan shayarwa. In za ki yafe wani abu daga ciki, ki yafe shi a madadin sharaɗin karatun babban yaron da zuwa gaban alƙali. Kafin ranar zaman kuma, yau ɗin nan, ki kira mutum biyu ki shaida musu cewa daga yanzu duk abin da kika kashe wa yaran da niyyar ubansu zai biya ki ne, ki rubuta ranar da sunayensu a shafin farko na littafin.